Buroshi, gwangwanin feshi ko alƙalamin feshi: da wanne za ka fenta ƙananan tankokin wasan yaƙi?

Wanda ya sayi akwatin farko na ƙananan tankokin wasan yaƙi, ya harhaɗa su da gam, ya jera su a kan tebur da launin robarsu, tambaya ɗaya ce ke tsayar da shi: da me zan fenta su? Hanyoyi huɗu ne a gabansa. Akwai buroshi da fentin ruwa, wato akirilik. Akwai buroshi da fentin mai, wato inamel. Akwai gwangwanin feshi. Sai kuma alƙalamin feshi, ƙaramar bindigar fenti mai siffar alƙalami wadda kwamfaresa ke tura wa iska. Kowace hanya tana da masoyanta, kuma kowannensu zai ce maka tasa ce ta gaskiya. Ni a ganina yawan tankokinka da launin rundunar da ka zaɓa su ne za su yanke hukunci, kafin a zo maganar wace hanya ta fi kyau.

Ma'aunin da za a bi

Tankar wasa daban take da tankar ajiya a cikin gilashi. Ta wasa ana ɗaga ta da yatsu, a tura ta a kan tebur, a auna tazararta da tef, ƙwayar wasa ta faɗo mata, a gama a zuba ta a akwati. Kuma daga nisan kamar mita guda ake kallonta. Saboda haka abubuwa biyar zan duba a kowace hanya: kuɗin farawa da na ci gaba, ƙarkon fentin a hannun masu wasa, sauƙin koyo, saurin gama aiki, da haɗari ga lafiya da ga tankar kanta.

Girman tanka ma yana shiga lissafi. Wasan Flames of War, wanda kamfanin Battlefront na ƙasar Niyu Zilan ya fitar a 2002, ma'auninsa 1:100 ne, wato kashi ɗaya cikin ɗari na tsawon tankar gaske, inda tankar Sherman ta Amurka ba ta wuce kimanin santimita 6 ba, kuma runduna ɗaya tana iya ɗaukar tankoki goma ko ashirin. Shi kuwa Bolt Action na kamfanin Warlord Games da ke Nottingham a Ingila, wanda ya fito a 2012, ma'auninsa 1:56 ne. Sherman ɗinsa ta ɗan haura santimita 10, kuma galibi tanka ɗaya ko biyu ake sawa a wasa, sauran duk sojan ƙasa ne. Mai tanka biyu manya da mai tanka ashirin ƙanana ba matsala ɗaya ke damunsu ba.

Launin runduna, abin da mutane ke mantawa

A nan tarihi ke shigowa, kuma nan ne na fi so mai karatu ya tsaya ya yi tunani. A Yaƙin Duniya na Biyu yawancin tankokin Amurka launi ɗaya ne, kore mai ɗan duhun ƙasa da ake kira Olive Drab. Na Tarayyar Sobiyet ma galibi kore ɗaya ne mai lambar 4BO. Birtaniya ta yi amfani da ruwan ƙasa mai lambar SCC 2, sannan a 1944 ta koma kore mai lambar SCC 15. Jamus daga tsakiyar 1940 toka mai duhu take shafawa, mai lambar RAL 7021. Kowanne cikin waɗannan launi guda ne daga kai har ƙafa, kuma kowace hanya cikin huɗun nan tana iya fitar da su.

A watan Fabrairun 1943 Jamus ta sauya tsari. Aka riƙa fito da tankoki daga masana'anta da rawaya mai duhu, Dunkelgelb, sannan a raba wa dakarun da ke fagen daga gwangwanayen kore da na ja mai ruwan ƙasa, masu kauri, su tsinka da ruwa ko fetur su zana ɓad-da-kama da kansu. Wasu sun fesa da bindigar fenti, gefen zanen ya fito a narke, launi yana shiga cikin launi. Wasu da buroshi suka shafa, wasu ma da tsumma. Daga watan Agustan 1944 masana'antu suka karɓi aikin, aka ƙara samun zane mai kaifin gefe. Ma'anar wannan ga mai fenti ita ce: zanen da gefensa ya narke aikin alƙalamin feshi ne, amma wanda ya zana launi uku da buroshi bai saɓa wa tarihi ba.

Akwai kuma zanen Caunter da Birtaniya ta yi wa tankoki irin su Matilda a hamadar Afirka ta Arewa a 1940 da 1941, launuka uku masu miƙaƙƙun layuka. Wannan tef ɗin rufewa yake buƙata, da haƙuri, ko da wace hanya ka bi.

Buroshi da fentin ruwa

Nan kusan kowa ke farawa. Kwalbar Vallejo Model Color ta ƙasar Sifen, mai mililita 17 ko 18 da bakin ɗigo, ana sayar da ita kimanin dala 3 zuwa 4 a shagunan Turai da Amurka. Kwalabe takwas zuwa goma da buroshi uku, mai faɗi ɗaya da masu tsini biyu, sun isa runduna guda. Da ruwa ake tsinka shi, da ruwa ake wanke buroshi, ba shi da wani wari mai hawa kai, kuma yakan bushe cikin minti goma sha biyar zuwa talatin.

Wahalarsa ɗaya ce babba. Tanka tana da faffaɗan jiki, kuma faffaɗan wuri yana tona asirin buroshi. Idan fentin ya yi kauri za ka ga sawun gashin buroshin, ƙananan kusoshi da layukan ƙarfe su toshe. Maganinsa a tsinka, a shafa siriri sau biyu ko uku, a bari kowane shafi ya bushe kafin na gaba. A ma'aunin 1:100 wannan ba wani aiki ba ne, domin jikin ƙarami ne. A 1:56 sai an natsu.

Wanda ke zaune a Kano ko Damagaram ko wani wuri mai bushewar iska zai ga fentin yana bushewa a bakin buroshi tun kafin ya kai jikin tanka, musamman da hunturu. Abin da ke taimakawa shi ne jiƙaƙƙen faranti: a sa soso siriri mai ruwa a cikin ɗan mazubi mai murfi, a shimfiɗa takardar gashin burodi a kai, a ɗiga fenti a kanta. Fentin zai daɗe bai bushe ba. Ƙura ma abin lura ce, sai a kifa kwano ko kwali a kan tankar yayin da take bushewa.

A kula da wani abu game da Tamiya ta Japan. Fentinta mai lambar XF, kamar XF-60 na rawayar Jamus da XF-62 na koren Amurka, shi ma akirilik ne, amma akwai sinadarin alkohol a cikinsa. Da buroshi yana da gardama, domin shafi na biyu yakan ɗago na farko. A cikin alƙalamin feshi kuwa yana cikin mafi kyau. Wanda ya tsayar da shawara a kan buroshi ya ɗauki Vallejo ko makamancinsa.

Wajen ƙarko, fentin ruwa shi kaɗai ba shi da ƙarfi. Farce yana iya kankare shi, musamman a kan ƙarfe. Sai da shimfiɗa a ƙarƙashinsa, wato fentin farko da ke sa launi ya kama jiki, da banish a samansa, wato shafi marar launi da ke kare fenti.

Buroshi da fentin mai

Ƙaramin gwangwanin Humbrol mai mililita 14 shi ne abin da masu wannan sha'awa suka tashi da shi a Ingila shekaru da yawa. Kuɗinsa bai yi nisa da na Vallejo ba. Yana kwanciya sumul domin a hankali yake bushewa, sawun buroshi ya baje da kansa, kuma idan ya kama ya fi fentin ruwa tauri. Amma sai an jira kamar awa shida kafin shafi na biyu, kuma kwana guda kafin a taɓa shi sosai. Ana tsinka shi da tina, wato sinadarin tsinka fenti, yana da wari, tinar tana iya kama wuta, tana kuma saurin kashe buroshi. Ga mai tankoki ashirin wannan jira ya yi yawa.

Inda yake da amfani a yau shi ne wajen tsufar da tanka. Idan ka gama launinka da fentin ruwa ka rufe da banish, sai ka tsinka fentin mai ruwan ƙasa sosai ka ɗiga a lunguna da gefen kusoshi. Abin da ya wuce gona da iri sai ka goge da buroshi mai ɗan danshin tina, kuma launin da ke ƙasa ba zai motsa ba. Kada dai a jiƙa tankar da tina sharkaf, domin tana iya raunana wuraren da aka haɗa da gam.

Gwangwanin feshi

Ga runduna mai launi ɗaya, babu abin da ya kai shi sauri. Ka liƙa tankoki goma a kan katako, ka girgiza gwangwanin minti biyu, ka fesa daga nisan santimita 20 zuwa 30 kana wucewa da hannu ba tsayawa, cikin ɗan lokaci duk sun sami launi, sumul, ba sawun buroshi. Gwangwanayen Army Painter masu mililita 400 shimfiɗa ne da launi a haɗe, kuma kuɗinsu yana kusa da dala 15 zuwa 20. Na Tamiya masu lambar TS, mililita 100, sun fi laushin feshi, akwai TS-3 na rawayar Jamus da TS-5 na koren Amurka, amma suna saurin ƙarewa. Fentin gwangwani yana kama jiki da ƙarfi fiye da wanda aka shafa da buroshi.

Matsalolinsa uku ne. Na farko, ba ka da iko a kan yawan abin da ke fitowa. Ka matso kusa ko ka tsaya wuri ɗaya, fenti ya taru ya cike ƙananan zane, kuma mai ƙarfin sinadari yana iya cin fuskar roba idan ya yi yawa. Na biyu, yanayi. Da tsananin zafi da bushewa fentin yakan bushe a iska kafin ya sauka, jikin tankar ya fito da tsakuwa-tsakuwa. Da damina kuma, idan iska ta cika danshi, banish marar sheƙi yakan fito fari-fari kamar hazo. Shi ya sa safiya ko yamma a inuwa ta fi, kuma kullum a fara gwadawa a kan guntun robar da aka ciro sassan tanka daga jikinta. Kada a bar gwangwani a rana ko cikin mota, domin gargaɗin da ke jikinsa ya hana zafin da ya wuce digiri 50.

Na uku shi ne samu. Gwangwanin feshi yana cikin kayan da ke iya kama wuta, saboda haka gidajen waya da yawancin kamfanonin aike ba sa ɗaukarsa ta jirgin sama. Wanda ke Landan ko Toronto zai shiga shago ya saya. Wanda ke odar kayansa zuwa Najeriya ko Nijar, kwalaben fentin ruwa za su iso, gwangwani kuwa da wuya. Abin da ya rage masa shi ne fentin shimfiɗa mai launin toka da masu fentin mota ke amfani da shi. Yana aiki idan an fesa siriri kuma an gwada tukuna, sai a ɗora launi da buroshi. Gwangwanayen launi masu sheƙi na kasuwa sun cika kauri ga ƙaramar tanka, ban ba da shawararsu ba.

A waje ake feshi, da takunkumi mai matatar sinadari, nesa da wuta da yara.

Alƙalamin feshi

Shi ne wanda hotunansa ke jan hankali, kuma da gaskiya. Yana shimfiɗa fenti siriri har ƙananan kusoshi su fito fes. Da shi ake yin ɓad-da-kama mai narkakken gefe. Da shi ake haskaka saman tanka a bar ƙasanta da duhu, abin da ke sa ƙaramar tanka ta yi kama da babba idan an hango ta. Da shi kuma ake fesa shimfiɗa da banish daga kwalba, wanda ke nufin ka rabu da neman gwangwani gaba ɗaya. Ga wanda ke nesa da shagunan wannan sana'a, wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce.

Kuɗin farawa ne ke tsorata mutane. Alƙalami marar suna tare da ƙaramar kwamfaresa mai tanki yana kamawa daga kimanin dala 80 zuwa 150. Alƙalamin kirki daga Iwata ta Japan ko Harder & Steenbeck ta Jamus, shi kaɗai, yakan kai dala 100 ko fiye. Bayan haka akwai tina da ruwan wankewa da takunkumi. Sai dai idan an wuce wannan gaɓa, fenti kaɗan yake sha, kwalba ɗaya ta yi tankoki da yawa.

Wanda zai saya ya nemi mai kofi a sama, mai kunama ta aiki biyu, wato a danna iska ta fito, a ja baya fenti ya fito. Baki mai faɗin milimita 0.3 zuwa 0.4 ya fi dacewa da tanka. Wanda ya fi haka ƙanƙanta yana yawan toshewa. Ƙarfin iska na psi 15 zuwa 20, a ma'aunin matsin iskar kwamfaresa, ya isa yawancin aiki, kuma fentin a tsinka shi ya yi ruwa-ruwa kamar madara. Kowane fenti da tinarsa: X-20A ta Tamiya ce, idan ka zuba ta a fentin wani kamfani yana iya dunƙulewa a cikin kofi.

Koyonsa yana cin lokaci. Makonnin farko za a yi fama da toshewar baki, da fenti mai tofi, da wanda ya yi ruwa ya bazu. A busasshen yanayi fenti yana daskarewa a tsinin allura akai-akai, sai an riƙa gogewa, ana kuma ɗiga sinadarin rage saurin bushewa. Allurar siririya ce, faɗuwa ɗaya ta lanƙwasa ta, kuma samun wata yana iya ɗaukar makonni idan daga waje za ta zo. Wanke alƙalamin kuwa dole ne bayan kowane zama. Wanda zai fesa tanka ɗaya yana iya ɓata lokaci wajen shiri da wankewa fiye da wajen fentin. Ga kuma wutar lantarki: kwamfaresar ba ta ci da yawa, amma in babu wuta babu aiki. Akwai ƙanana masu batirin caji, suna shimfiɗa launi ɗaya lafiya, amma iskarsu ba ta da daidaiton da zanen siriri ke so.

Kada rashin wari ya ruɗi kowa. Ko fentin ruwa ne, idan aka fesa shi ya zama ƙura mai shiga huhu. Takunkumi da buɗaɗɗiyar taga wajibi ne.

| Ma'auni | Buroshi da fentin ruwa | Buroshi da fentin mai | Gwangwanin feshi | Alƙalamin feshi |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin farawa | Kaɗan | Kaɗan | Matsakaici | Mai yawa |
| Kuɗin ci gaba | Kaɗan | Kaɗan, da tina | Mai yawa, yana ƙarewa | Kaɗan |
| Ƙarko kafin banish | Rauni | Mai ƙarfi | Mai ƙarfi | Rauni zuwa matsakaici |
| Sauƙin koyo | Mai sauƙi | Matsakaici | Mai sauƙi | Mai wuya da farko |
| Sauri a tankoki da yawa | A hankali | A hankali ƙwarai | Mafi sauri | Mai sauri |
| Haɗari ga lafiya | Kaɗan | Wari, wuta | Tururi, wuta | Ƙurar fenti |
| Haɗari ga tanka | Sawun buroshi | Tina a mahaɗa | Kauri, tsakuwa | Tofi, toshewa |
| Ɓad-da-kama | Mai kaifin gefe | Mai kaifin gefe | Sai da rufewa | Kowane iri |

Inda ƙarko yake a zahiri

Teburin nan yana iya sa mutum ya zaci fentin mai ko gwangwani ne maganin kankarewa. Gaskiyar ita ce abin da ke ƙarƙashin launi da abin da ke samansa su ne ke riƙe tanka. Tankokin rezin, wato wani irin roba mai tauri da ake zubawa, da na ƙarfe suna zuwa da ɗan maiƙo daga wurin zubi, sai an wanke su da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka, su bushe. Bayan haka shimfiɗa, kowace hanya za a bi. Idan launi ya gama, banish mai sheƙi ya fara hawa, a kansa ake manna tambarin ruwa irin su farar tauraruwar Amurka ko gicciyen Jamus, domin a kan fenti marar sheƙi iska takan maƙale a ƙarƙashinsu su yi fari. Daga nan sai tsufarwa, sai banish marar sheƙi a ƙarshe. Tankar da ta bi wannan tsari da fentin ruwa za ta fi daɗewa a kan wadda aka shafa wa fentin mai kai tsaye a kan roba mai maiƙo. Ɗan maganaɗisu a ƙarƙashin tanka da farantin ƙarfe a gindin akwati yana hana su gogar juna a hanya, kuma a hanya ne fenti ya fi kankarewa.

Wani abu da duk hanyoyin suka haɗu a kai: a ɗan haskaka launi fiye da na ainihi. Koren da ya yi daidai a jikin tanka mai tsawon mita shida zai yi duhu a jikin mai santimita shida, a hango ta baƙa. Sannan ko ka mallaki alƙalamin feshi mafi tsada, sarƙar ƙafafu da shebur da gatari da kan kwamanda duk da buroshi za ka yi su. Kuɗin buroshi da fentin ruwa ba ya taɓa zama asara.

Wa ya dace da wanne

Mai wasan Bolt Action da tanka ɗaya ko biyu ya tsaya ga shimfiɗa da buroshi da fentin ruwa. Idan ya sayi kwamfaresa saboda tanka biyu, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

Mai tara rundunar Sobiyet ko Amurka ko Birtaniya a 1:100, kuma yana inda gwangwani ke samuwa, ya fesa launin tushe da gwangwani, ya zuba tsinkakken fenti mai duhu a lunguna, ya goga gefuna da busasshen buroshi mai launi mai haske, ya rufe da banish. Wannan ce hanyar da nake ganin ta fi dacewa da mafi yawan masu wasa, domin tana kai runduna tebur da wuri kuma ba ta jin kunyar ido.

Wanda zuciyarsa ke kan tankokin Jamus na 1943 zuwa 1945, Panther da Tiger da Panzer IV masu launi uku, kuma zai fenta da yawa, ya tara kuɗi ya sayi alƙalamin feshi mai kyau sau ɗaya, tare da allura da baki na ajiya. Idan kuɗin bai kai ba tukuna, ya zana mai kaifin gefe da buroshi a kan rawayar tushe.

Wanda ke zaune inda gwangwanin masu wannan sana'a ba ya isowa, kuma ya tabbata zai daɗe a harkar, shi ma alƙalamin ne zai fisshe shi, muddin yana da wuta ko sola. Kafin nan, shimfiɗar masu fentin mota da buroshi sun wadatar.

Mai ɗaki ɗaya da iyali, ko mai ciwon asma, ya bar fentin mai da duk wani feshi a cikin gida. Akwai shimfiɗa da banish na shafawa da buroshi daga Vallejo da wasu kamfanoni, kuma da su ana iya gama tanka daga farko har ƙarshe ba tare da an fesa komai ba. Fentin mai kuwa, wanda ya riga ya iya sauran ya ajiye gwangwani ɗaya ko biyu masu ruwan ƙasa da baƙi domin tsatsa da zubar mai da datti a lunguna.